Kankare Harafi daga Matani a Kwamfuta: Sharhi a kan Makomar Hamza da Baƙaƙe Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibin tsara manhajar kwamfuta akwai yadda zai umarci na'ura ta bi matani tun daga farkonsa har ƙarshensa, ta kankare wani harafi ko wata alama a duk inda ta ci karo da ita. Umarni ne gajere wanda da wuya ya wuce layi guda. A harshen tsara manhaja na Python, alal misali, ana cewa na'ura ta musanya harafin da babu, ita kuma sai ta aiwatar a kowane gurbi ba tare da ta togace ko ɗaya ba. Masu nazarin harshe ta hanyar kwamfuta suna amfani da wannan umarni a matakin aiki da suke kira tsabtace matani, wato raba kalmomi da duk abin da ake ganin tarkace ne kafin a shiga ƙidayar kalmomi ko haɗa ƙamus ko horar da na'urar fassara.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wannan dabara ta fuskar ilimin harshe. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kankare alama a duk inda ta fito ba ya halatta sai idan aiki ɗaya tak take yi a cikin matanin, kuma aikin nan bai shafi ma'ana ba. A rubutun Hausa wannan sharaɗi bai cika ba dangane da hamza da baƙaƙe masu ƙugiya, domin ma'aunin da na'ura take rarrabe harafi da tarkace da shi an yanka shi ne daidai jikin Ingilishi. An ɗauko yawancin misalai daga Hausa, sannan aka waiwayi Maiduguri, inda Hausa take zaune tare da Kanuri da Fulfulde da Larabcin Shuwa da Bura da Margi, don a ga yadda matsalar take ninkuwa a inda harsuna suka cuɗanya.

2.0 Yadda Na'ura Take Ganin Harafi

Kwamfuta ba ta san baƙi ko wasali ba, lamba kawai ta sani. Kowane harafi yana da lambar da aka ware masa a cikin wani jadawali. Jadawalin da ya fi daɗewa yana tasiri shi ne ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, aka kuma sabunta fasalinsa a 1967. Gurabe 128 gare shi: 52 na manya da ƙananan haruffan Ingilishi, 10 na alƙaluma, 32 na alamomin rubutu, ɗaya na sarari, sauran 33 kuma na sarrafa na'ura. Babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsa. Alamar da Hausa take rubuta hamza da ita tana nan, amma a sahun alamomi 32 ɗin nan aka sanya ta, tare da aya da waƙafi da baka biyu.

Jadawalin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ne ya ba baƙaƙen Hausa gurabensu: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma tana U+01B4, kowace da babbarta a wani gurbin. Sai dai samun gurbi a jadawali bai sauya ɗabi'ar masu tsara manhaja ba. Har yanzu hanyoyi uku ne aka fi koyarwa wajen tsabtace matani:

(a) A kankare duk alamomin nan 32 na ASCII.

(b) A kankare duk abin da ba ya cikin haruffan Ingilishi daga a zuwa z.

(c) A warware kowane harafi daga alamar da aka ɗora masa a bisa ko a ƙasa, sannan a zubar da duk abin da ASCII bai sani ba.

Kowace daga cikin ukun nan tana aiki lami lafiya a matanin Ingilishi. Abin da ya rage shi ne a duba abin da suke yi wa matanin Hausa.

3.0 Hamza

3.1 Matsayinta a Tsarin Sauti

Masana tsarin sautin Hausa sun haɗu a kan cewa hamza ƙwayar sauti ce mai zaman kanta, kuma kowace gaɓar Hausa da baƙi take farawa. Ƙa'idar rubutu ta ce ba a rubuta hamza a farkon kalma, amma wajibi ne a rubuta ta a tsakiya, kamar a jami'a da ma'ana da mas'ala da jam'i. Haka kuma ana haɗa alamar da y don a rubuta wani baƙi na daban, wato 'y, wanda tarihinsa yake komawa ga ɗ, kamar yadda ake ji a bakin Sakkwatawa da suke cewa ɗiya a inda Bakano yake cewa 'ya. Ke nan alamar tana yin ayyuka uku a shafi guda: baƙi ce cikakkiya, rabin baƙi ce a cikin 'y, wani lokaci kuma alamar zancen wani ce. Hanya ta (a) ta ɗauki na ukun kaɗai ta yanke hukunci a kan duka. Ga abin da yake biyo baya:

(1) 'ya'ya ta koma yaya
(2) 'ya ta koma ya
(3) 'yar ta koma yar
(4) da'ira ta koma daira
(5) sa'a ta koma saa

A (1) zuwa (3) an sami zubi kamantau: kalma ta rikiɗa ta zama wata kalmar da take akwai a harshen. A (4) gaɓoɓi uku sun koma biyu, domin wasula biyu da hamza ta raba sun haɗu sun yi kama da tagwan wasali. Misali na (5) ya fi shafar manazarta, domin a rubutun nazari ana ninka wasali don nuna tsawonsa, saboda haka saa ta yi daidai da yadda ake rubuta sunan namijin saniya. Haka ba'a take komawa baa, da'a kuma ta koma daa.

Ana iya ganin nauyin al'amarin a cikin jumla:

(6) An ba 'ya'yansa gadon.
(7) An ba yayansa gadon.

Jumla ta (7) ba ta da wani aibu a nahawu, kuma babu abin da zai sa mai karatu ya yi shakkar ta. Amma magada sun sauya. Kuskuren da ya bar kalma gurguwa yana tona asirin kansa. Wanda ya bar jumla lafiyayya mai wata ma'anar daban shi ne ba a kama shi.

3.2 Siffofinta a Na'ura

Abin da ido yake gani alama ɗaya, lambobi ne aƙalla huɗu a wurin na'ura. Akwai miƙaƙƙiya ta ASCII mai lamba U+0027. Akwai lanƙwasassu biyu na buɗe zance da rufe shi, U+2018 da U+2019. Akwai kuma U+02BC, wadda ita kaɗai ce Unicode ya lasafta a cikin haruffa, kuma ita ya tanada don rubuta hamza. Manhajojin buga rubutu irin su Microsoft Word sukan sauya miƙaƙƙiyar da kansu: idan ta biyo bayan sarari sai su mai da ita ta buɗe zance, idan tana tsakiyar kalma kuma su mai da ita ta rufewa. Saboda haka a kalmar 'ya'ya kaɗai ana iya samun lambobi biyu mabambanta.

Sakamakon haka shi ne hanya ta (a) tana kankare miƙaƙƙiyar ta bar sauran ukun. Mai binciken da ya tara matani daga jaridu da kundaye da kafofin sada zumunta zai wayi gari da kalmar 'yan ta rabu gida uku ko huɗu a jadawalin ƙidayarsa, wani kason kuma ya koma yan. Duk alƙaluman da aka gina a kan wannan ƙidaya sun gaji wannan rauni.

4.0 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

4.1 Taƙaitaccen Tarihi

Ba a dare ɗaya aka sami ɓ da ɗ da ƙ ba. Tun kafin Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912, har zuwa bayan haka, marubutan boko sun jarraba ɗigo a ƙarƙashin baƙi da kuma alama a gefensa don su bambanta waɗannan sautuka da b da d da k. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka rungumi baƙaƙe masu ƙugiya, littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, suka yaɗa su. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980, duk sun bar su a gurabensu. Dalili kuwa a fili yake: ɓ da ɗ haɗiyau ne, ƙ tunkuɗau ce, kuma kowace tana bambanta ma'ana, kamar a ɓari da bari, ɗa da da, ƙura da kura, baƙi da baki, saƙa da saka, ƙoƙo da koko.

4.2 Musanyawa da Kankarewa

Wajibi ne a rarrabe ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce musanyawa, inda ƙ take komawa k. Wannan an saba ganin ta tun zamanin tafireta. Ta biyu ita ce kankarewa, inda baƙin yake ɓacewa ɗungurungum, kuma ita ce hanyoyin (b) da (c) suke haifarwa.

Hanya ta (c) tana buƙatar ƙarin bayani, domin masu amfani da ita suna zaton musanyawa take yi. A Unicode, harafin Faransanci é yana warwaruwa zuwa e da alamar da take bisansa. Haka ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci suke warwaruwa zuwa harafi da ɗigo. Idan aka zubar da alamar, harafin yana nan. Amma ƙugiyar Hausa ba alama ce da aka ɗora ba a wurin Unicode. Ƙ harafi ne guda wanda ba ya rabuwa, don haka idan aka zo matakin zubar da abin da ASCII bai sani ba, gaba ɗayansa yake tafiya:

(8) ƙara ta koma ara
(9) ɗaya ta koma aya
(10) ƙaya ta koma aya
(11) ɗan ta koma an
(12) ƙi ta koma i
(13) baƙi ta koma bai
(14) daɗi ta koma dai
(15) ƙoƙari ta koma oari

Abin lura a nan shi ne yawan kalmomin da suka fito sahihai. Wannan yana da tushe a ƙa'idar rubutu da aka ambata a 3.1. Tun da ba a rubuta hamza a farkon kalma, duk kalmar da aka cire wa baƙin farko tana kama da kalma mai farawa da hamza, kamar a (8) zuwa (12). Inda kuwa baƙin yake tsakanin a da i, cire shi yana haifar da tagwan wasali, kamar a (13) da (14). Misali na (12) ya isa abin tsoro, domin ƙi ya juye ya zama amincewa. Ta fuskar ƙidaya kuma, an da bai da dai suna cikin kalmomin nahawu masu yawan aukuwa, saboda haka ƙarin da suka samu daga ɗan da baƙi da daɗi yana nutsewa a cikinsu ba tare da an lura ba.

Hanya ta (c) tana da wata illar ga aikin ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da nahawun Paul Newman na 2000 duk sun nuna karin sauti da tsawon wasali. Idan aka buga irin waɗannan bayanai a kwamfuta da alamomin bisa wasali, to su ne ainihin abin da hanya ta (c) take warwarewa ta zubar.

4.3 Gadon Tsofaffin Zubin Haruffa

A shekarun 1990, kafin Unicode ya zama ruwan dare, masana sun nemi mafita ta hanyar ƙirƙiro zubin haruffa na musamman. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima, kuma ta taimaka ƙwarai wajen buga littattafai da kundayen digiri. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana baƙi mai ƙugiya a kai. A wani tsarin an ɗora ƙ a kan }, Ƙ a kan {, ɗ a kan ], Ɗ a kan [, ɓ a kan ~, Ɓ kuma a kan |. A takarda ana ganin ƙasa, amma abin da na'ura ta ajiye shi ne }asa. Duk alamomin nan shida suna cikin 32 ɗin da hanya ta (a) take kankarewa. Wato hanyar da ake ganin ta fi sauran sauƙin illa ita ce take cinye hamza da baƙaƙe masu ƙugiya a lokaci guda idan ta faɗa wa tsohon kundi. Kalmar ƙa'ida sai ta koma aida.

A wani tsarin kuma q da x da v aka ara, ana buga qasa da xaya da vata. Waɗannan suna tsira daga kankarewa, amma suna faɗawa wani ramin a lokacin gyara. Mai son mai da kundin zuwa Unicode yakan ba da umarnin a musanya kowace v da ɓ, umarnin kuma ya bi har cikin kalmomin Ingilishi da suke manazarta. Wannan ne ya sa ake cin karo da Uniɓersity a kundayen Hausa da aka ɗora a intanet. Cuta ɗaya ce da ta farko: an hukunta kowane gurbi ba tare da duba muhallinsa ba.

5.0 Misalin Maiduguri

A 1975 Hukumar Harshen Kanuri ta amince da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Kanuri a Maiduguri, bayan aikin wani kwamiti da Wazirin Borno Abba Sadiq ya shugabanta. Norbert Cyffer da John Hutchison sun fitar da ƙa'idar a littafi a 1979, sannan suka shirya ƙamusun Kanuri da ya fito a 1990. A wannan shekara ta 1975 ne kuma aka kafa Jami'ar Maiduguri, inda ake nazarin Kanuri da Hausa da Fulfulde. Matanin da yake fitowa daga irin wannan gari, ko kundin ɗalibi ne ko sanarwar rediyo ko saƙon ƙungiyar agaji, sau da yawa yakan haɗa harshe fiye da ɗaya.

A Kanuri, harafin da yake cikin haɗari wasali ne, wato ǝ, kuma yana cikin masu yawan aukuwa a harshen. Idan aka bi hanya ta (b) ko ta (c), fǝr mai ma'anar doki ta koma fr, kǝla mai ma'anar kai ta koma kla, tǝlam mai ma'anar harshe ta koma tlam. An cire cibiyar gaɓa ke nan. Bugu da ƙari, wannan wasali yana da tagwaye a Unicode. Akwai U+01DD, wanda aka tanada don abacadar harsunan Nijeriya da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka tsara a shekarun 1980, akwai kuma U+0259 na rubutun furuci. A ƙananan haruffa ido ba ya bambanta su, sai a manya: na farko Ǝ, na biyu Ə. Duk umarnin da aka bayar a kan ɗaya ba ya taɓa ɗayan, don haka kalma guda tana iya fitowa sau biyu a jerin kalmomin ƙamus. A Fulfulde kuwa, inda ake ninka ɓ da ɗ, ɓiɗɗo mai ma'anar ɗa ta koma io, sunan Fulɓe kansa ya koma Fule.

Borno tana da daɗaɗɗen tarihin rubutu da haruffan Larabci, kuma a nan ma matsalar tana jira. Masu sarrafa matanin Larabci sun saba kankare wasula, domin Balarabe yana karanta harshensa ba tare da su ba. Ajamin Hausa kuwa da wasulansa ake rubuta shi: wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da imala da ɗauri. Idan aka ari manhajar Larabci aka bi ta kan ajami, gida da guda da gada za su koma siffa ɗaya, tun da gajeren wasalin gaɓar farko ne kaɗai ya raba su.

Akwai kuma dalili na kuɗi da ya kamata a sani. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jadawalin GSM, wanda babu ɓ ko ɗ ko ƙ ko ǝ a cikinsa. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai a koma wani tsarin da ba ya ɗaukar fiye da 70 a saƙo guda. Duk mai aika saƙo ga dubban jama'a, kamar yadda ake yi wajen faɗakarwa a kan lafiya da agaji a Borno, yana da abin da zai ja shi ga cire ƙugiya. Idan dole ta sa, musanyawa ta fi kankarewa, kuma wajibi ne mai jin harshen ya karanta saƙon bayan an sauya shi, ya canza duk kalmar da ta zama mai harshen damo.

6.0 Hujjojin Masu Kankarewa

Adalci ne a kawo hujjojin masu wannan aiki, domin ba duka ne marasa tushe ba.

Hujja ta farko ita ce Bahaushe yana karanta rubutu marar ƙugiya ya fahimta, kuma ƙa'idar rubutu da kanta ta bar karin sauti da tsawon wasali. Amsa ita ce wannan dalili ne na a riƙe abin da ya rage. Kalmar kara a rubuce tana iya nufin karan dawa ko alkunya ko gwabzawa. Kalmar ƙara kuma tana iya nufin daɗi a kan abu ko amo ko kai kuka gaban alƙali. Muhalli yana ɗauke da nauyin rarrabe uku a kowane ɓangare. Idan aka cire ƙugiya sai ya ɗauki shida. Ban da haka, mai karatu yana zuwa da sanin harshen da ya sha a nono, na'ura kuwa ba ta da abin dogaro sai abin da aka ba ta.

Hujja ta biyu ita ce matanin intanet da ma a cakuɗe yake, wani da ƙugiya wani babu, don haka gara a daidaita shi duka a kan babu. Wannan yana sauƙaƙa ƙidaya, amma yana mai da rubutun wanda bai kiyaye ƙa'ida ba ya zama ma'auni. Na'urar fassara ko ta gyaran rubutu da aka horar da irin wannan matani za ta riƙa fitar da Hausa marar ƙugiya, ɗalibai kuma su kwaikwaya.

Hujja ta uku ita ce ta neman kalma: wanda ya buga kasa a wayar da ba ta da ƙ ya kamata ya sami ƙasa. Wannan gaskiya ne, kuma a nan musanyawa tana da amfani. Sai dai gurbinta shi ne jadawalin nema da ake ajiyewa a gefe, asalin matanin kuma a bar shi yadda yake.

Hujja ta huɗu ita ce na'ura tana iya mai da abin da aka cire. An yi aiki a kan haka: Kevin Scannell ya fitar da bincike a 2011 a kan mai da haruffa na musamman a harsunan Afirka ta hanyar ƙididdiga, Iroro Orife kuma ya yi makamancinsa a kan Yarabanci a 2018. Amma irin wannan manhaja kintace take yi, kuma daga matani mai cikakkiyar ƙa'ida take koyon kintacen. Duk kundin da aka kankare aka jefar da asalinsa ya rage abin da za a koyar da ita da shi. Kankarewa tana haɗa kalmomi da yawa a siffa guda, kamar yadda ɗaya da ƙaya da aya suka haɗu a (9) da (10), kuma babu umarnin da zai raba su da tabbaci bayan haka.

7.0 Shawarwari

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da waɗannan shawarwari:

(i) A ajiye asalin matani ba tare da an taɓa shi ba. Duk wani sauyi a yi shi a kan kwafi.

(ii) Masanin harshe ne zai rubuta jerin haruffan kowane harshe da yake cikin matanin, manya da ƙanana, kafin mai tsara manhaja ya fara aiki. Abin da za a kankare a ambace shi ɗaya bayan ɗaya.

(iii) A kiyaye jerin matakai. A fara mai da tsohon zubin haruffa zuwa Unicode, tare da keɓe sassan Ingilishi. Daga nan a haɗe siffofin hamza a kan guda, a kuma haɗe tagwayen ǝ. Cire alamomin rubutu shi ne na ƙarshe.

(iv) A tantance hamza ta muhallinta. Wadda take tsakanin haruffa biyu baƙi ce. Wadda ta zo kafin y a farkon kalma tana buƙatar idon mutum, domin tana iya zama buɗe zancen da ya fara da ya ko yana. Rubutun Jamhuriyar Nijar ya kauce wa wannan ruɗani da ya ɗauki ƴ, kuma ana iya aron ta na ɗan lokaci a cikin na'ura ba tare da an sauya ƙa'idar Nijeriya ba. Zai kuma taimaka idan mawallafa suka keɓe alama mai ƙugiya biyu ga zancen wani.

(v) A ƙidaya ɓ da ɗ da ƙ da hamza kafin tsabtacewa da bayanta. Idan adadin ya sauya, a nemi dalili.

(vi) Mujallu da sassan jami'o'i su wajabta wa mai bincike ya bayyana a sashen hanyoyin bincike abin da ya cire daga mataninsa, kamar yadda ake wajabta masa faɗin inda ya samo bayanai.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba umarnin kankare harafi a duk inda ya fito, ta kuma nuna yadda hanyoyi uku da aka saba bi suke shafar hamza da baƙaƙe masu ƙugiya a Hausa, da wasalin ǝ a Kanuri, da wasulan ajami. An ga cewa tsarin gaɓar Hausa da ƙa'idar barin hamza a farkon kalma suna sa kuskuren ya ɓuya, domin abin da ya saura bayan kankarewa sau da yawa kalma ce sahihiya. An kuma ga cewa kundayen da aka buga da tsohon zubin haruffa sun fi kowane matani shiga haɗari, alhali a cikinsu ne aka taskace nazarin Hausa na shekaru masu yawa. Tantance abin da yake harafi da abin da yake tarkace hukunci ne na ilimin harshe, kuma hukumomi da tarurruka sun riga sun yanke shi tun daga shekarun 1930. Aikin da yake gaban sassan harsunan Nijeriya shi ne su koya wa ɗalibansu yadda na'ura take ajiye harafi, su kuma zauna tare da sassan kimiyyar kwamfuta a duk lokacin da za a sarrafa matanin Hausa ko na Kanuri.